Tsibirin Robben: Daga Kurkuku Zuwa Gidan Tarihi

Duk wanda ya taso yana wanke allo a zaurukan Ƙofar Sauri, idan aka ba shi labarin Tuan Guru zai ji kamar ya san mutumin. Imam Abdullahi ne sunansa, ɗan sarautar Tidore a Indonesiya ta yau. Turawan Holan suka kamo shi a 1780, suka tsare shi a Tsibirin Robben, daura da Cape Town. Ba littafi a hannunsa, amma ya rubuta Alƙur'ani da ka. Da ya fito ya buɗe makaranta, kuma a hannunsa masallacin Auwal ya tsaya a 1794, na farko a Afirka ta Kudu.

Tun ƙarni na 17 masu mulki ke jefa wanda ya dame su a tsibirin nan, dabarar da Ingilishi suka yi mana da Lakwaja, inda Sarkin Kano Alu ya rasu a 1926. Daga baya aka mayar da tsibirin matsugunin kutare har 1931.

A 1961 gwamnatin wariyar launin fata ta mai da shi kurkukun 'yan siyasa. Nelson Mandela ya iso a 1964, aka lanƙaya masa lamba 466/64, ya shekara 18 a nan tare da su Walter Sisulu da Govan Mbeki da Ahmed Kathrada. Ƙyallin farin dutsen da suke fasawa ya lalata masa ido. Amma a ramin dutsen nan masu ilimi suka riƙa karantar da 'yan'uwansu, wasu har suka yi digiri ta gidan waya. Robert Sobukwe kuwa, shi kaɗai aka killace a wani ɗan gida, an hana shi magana da sauran fursunoni. Wannan zaluncin ya fi tsaya mini a rai.

Fursunonin siyasa na ƙarshe sun fita a 1991, aka rufe kurkukun a 1996, ya zama gidan tarihi a 1997, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihin duniya a 1999. Yau jirgin ruwa ke kwasar maziyarta daga Cape Town, kuma cikin masu zagayawa da su akwai tsofaffin fursunonin da suka kwana a ɗakunan.