Josh Gibson: ɗan wasan da aka rubuta shi a tarihi shekara 77 bayan mutuwarsa 🧵

1/ Jama'a, yau ba ƙwallon ƙafa za mu taɓa ba. Labarin wani mutum ne da ya rasu a 1947, aka binne shi ko dutsen suna ba a sa masa ba, sai a 2024 Amurka ta ce ashe shi ne na ɗaya. Sunansa Josh Gibson. Ku gyara zama.

2/ Na san a nan Wurma, ko ka zaga gidajen kallo na Kurfi da Dutsin-Ma, da wuya ka samu mai kallon besbol. To ga shi a taƙaice: mutum tara kowane ɓangare. Ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗan ɗaya ɓangaren ya doke ta da gora, sannan ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu ya dawo gida. Dawowar ita ce ci.

3/ Idan ya doke ta ta tsallake katangar fili, shi ne hom-ron. Sai ya zagaya abinsa a natse, ba mai iya tare shi.

4/ A bayan mai gora akwai wani da yake tsugune, da ragar ƙarfe a fuska, sulke a ƙirji, ƙatuwar safar fata a hannu. Shi ne mai cafe ƙwallo. Tsakaninsa da mai jifa kusan mita 18 ne kacal, ƙwallon kuma tana iya zuwa da gudun kilomita 150 a awa. Tauri gare ta kamar goruba.

5/ Kuma ba cafewa kaɗai ba ce aikinsa. Shi kaɗai ne yake fuskantar fili duka. Da yatsunsa yake yi wa mai jifa alamar irin jifar da zai yi, don ya karanci raunin mai gora. Ya tsuguna ya tashi fiye da sau ɗari a wasa ɗaya. Gwiwa da yatsu su ne suke biyan kuɗin.

6/ Shi ya sa ba a cika samun mai cafewa da ya shahara a dukan ƙwallo ba, gajiya ta riga ta cinye shi. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kai.

7/ An haifi Gibson ranar 21 ga Disamba 1911 a Buena Vista, jihar Jojiya. Babansa Mark manomi ne a gonar wani, irin noman da ake raba amfani da mai ƙasa. A farkon shekarun 1920 ya yi ƙaura zuwa Pittsburgh ya kama aiki a masana'antar ƙarfe, daga baya iyali suka bi shi. Cin rani ne da ya zama zama.

8/ Josh ya fara koyon aikin lantarki, ya yi aikin masana'anta, ya yi a wani babban kanti. A ƙungiyoyin unguwa aka fara lura da yaron nan mai faɗin kafaɗa da idan ya doki ƙwallo sai an je nemanta.

9/ Amma akwai katanga. A 1884 wani baƙar fata, Moses Fleetwood Walker, ya buga wa Toledo a babbar gasa, shi ma mai cafewa ne. Bayan nan masu ƙungiyoyi suka rufe ƙofa. Ba doka aka rubuta ba, baki suka haɗa kawai. Ƙofar ta zauna a rufe sama da shekara 60.

10/ Da aka hana su, baƙaƙen suka kafa nasu. A 1920 Rube Foster ya jagoranci kafa gasar Negro National League a birnin Kansas. Nasu ƙungiyoyi, nasu jaridu, nasu 'yan kallo. A nan Gibson ya yi duk rayuwarsa ta wasa a Amurka.

11/ Yulin 1930. Labarin da ake bayarwa shi ne Homestead Grays na wasan dare da Kansas City Monarchs, ƙarƙashin fitilun da Monarchs ke yawo da su a mota. Hasken bai isa ba, mai cafewar Grays, Buck Ewing, ya ji ciwo a hannu, aka kirawo Josh ɗan shekara 18 ya maye gurbinsa. Daga nan ya zama ɗan Grays.

12/ Allah mai iko. Cikin watan Agusta na shekarar, matarsa Helen ta rasu wajen haihuwar tagwaye. Yaran suka rayu, Josh ƙarami da Helen, dangin uwarsu suka riƙe su. Arziki da makoki suka shigo masa gida tsakanin 'yan makonni.

13/ A 1932 Gus Greenlee, attajirin da ya mallaki Pittsburgh Crawfords, ya janye shi. Can ya haɗu da Satchel Paige, gwanin jifa. Paige na jefowa, Gibson na cafewa. Har yau masana na lissafa Crawfords ta 1935 cikin manyan ƙungiyoyin da aka taɓa haɗawa.

14/ Rayuwar fa ba ta jin daɗi ba ce. Kwana a bas, wasa biyu ko uku a rana, gari bayan gari. A wasu garuruwan mutanen da suka biya kuɗi suka kalle ka da rana su ne za su hana ka ɗaki a otal da dare. Duk da tsugunon nan da gajiyar hanya, shi ne ya fi kowa dukan ƙwallo.

15/ Ana ce masa Babe Ruth na baƙaƙe. Magoya bayansa kuwa suka juya maganar, suka ce ai Babe Ruth ne Josh Gibson na farare.

16/ Inda aka fi biyansa, aka kuma fi ganin mutuncinsa, waje ne. A 1937 ya buga a Jamhuriyar Dominika, a ƙungiyar da aka haɗa da sunan shugaban kama-karya Trujillo. A 1940 da 1941 yana Veracruz a Meziko. A can baƙi da fari fili ɗaya suke shiga, ba wanda ya mutu.

17/ A gida kuma Grays ta mamaye gasarta daga 1937 zuwa 1945. Suna hayar filin Griffith a Washinton, filin ƙungiyar farare ta Senators wadda ta sha zama a ƙasan tebur. Mai filin, Clark Griffith, ya taɓa kiran Gibson da Buck Leonard ofishinsa suka tattauna. Bai ɗauke su ba. Kuɗin hayar dai yana karɓa.

18/ Farkon 1943 Gibson ya yanke jiki ya faɗi. Likitoci suka ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, ya ƙi yarda a yi masa aiki. Ciwon kai ya matsa masa, shaye-shaye ya ƙaru. To ka san me? A wannan shekarar ce ya yi kakar wasan da yanzu take ta ɗaya a tarihi.

19/ Oktoban 1945, Branch Rickey na Brooklyn Dodgers ya ɗauki Jackie Robinson. Ƙofa ta fara buɗewa. Amma Gibson ya kai 33, gwiwa ta tafi, jiki ya yi nauyi. Ba wanda ya neme shi.

20/ Ya rasu ranar 20 ga Janairu 1947 a Pittsburgh, yana da shekara 35. Ranar 15 ga Afrilu Robinson ya shiga fili da rigar Dodgers. Wata uku bai cika ba tsakani.

21/ Don ka gane abin da aka yi asara: Roy Campanella, mai cafewa da ya taso a gasar baƙaƙe yana karawa da Gibson, ya shiga Dodgers a 1948. Sau uku ana zaɓensa gwarzon gasa: 1951, 1953, 1955. Bambancinsu da Gibson, shi ya zo duniya bayansa da shekara goma.

22/ A 1966 Ted Williams, farar fata kuma gwarzo, ya tsaya a bikin shigar da shi zauren girmamawa na Cooperstown ya nemi a sa Paige da Gibson. An sa Paige a 1971, Gibson a 1972. Kabarinsa a maƙabartar Allegheny kuwa sai 1975 aka sa masa dutse.

23/ A allon girmamawarsa an rubuta hom-ron kusan 800. Amma na wasannin gasa da aka iya tabbatarwa a takarda ba su kai 200 ba. Dalili: gasar gajeriya ce, yawancin wasanninsa na yawon gari ne da ba wanda ya rubuta sakamakonsu. Masu musu suka samu abin kamawa.

24/ Sai wasu masu bincike suka duƙufa shekara da shekaru suna tonon tsofaffin jaridun baƙaƙe, wasa bayan wasa. A Disambar 2020 hukumar MLB ta amince cewa gasanni bakwai na baƙaƙe, 1920 zuwa 1948, manyan gasanni ne. A Mayun 2024 aka haɗe alƙaluman.

25/ Sakamako: Gibson .372, ma'ana cikin kowane zuwa 1,000 ya yi duka mai kyau 372. Ty Cobb da ya riƙe kambun kusan shekara ɗari yana da .367. Na kaka ɗaya ma nasa ne, .466 a 1943, shekarar da yake fama da ƙari a kai.

26/ Ga abin da ya sa na kawo muku labarin. Da jaridun can ba su rubuta ba, da Gibson ya zama tatsuniya. Mu fa? Shago ya shahara a dambe, amma galibinmu ta bakin Ɗan Anace muka san shi. Damben nawa ya yi, da wa, a wace shekara? Kowa da abin da kakansa ya gaya masa.

27/ A Wurma da ƙauyukanmu akwai dattawan da suka yi tashe a dambe da kokawa bayan girbi, suna nan zaune a gindin bishiya. Waya tana hannunka. Je ka gaishe da Baba, ka tambaye shi suna, gari da shekara, ka naɗa ka ajiye.

28/ Wa ya yi suna a garinku zamanin kakanni? Ku rubuto a ƙasa, suna da gari, mu fara tarawa.