Daga Fulorida zuwa Yerwa: Tarihin 'Ya'yan So-falmeto da Cutar Riƙewar Fitsari

1.0 Gabatarwa

Tun kafin likitancin zamani ya iso Borno, mutanen wannan yanki sun san dattijon da ke tashi sau huɗu ko biyar cikin dare domin kama ruwa, ya yi ta yunƙuri fitsarin na fita ɗis-ɗis. Abin da harshen Hausa bai tanada ba shi ne sunan gaɓar da ke jawo haka, wato furosteti, ƙullutun nama da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda ya kewaye hanyar fitsarin namiji, yake kuma ƙara girma da shekaru. An riƙa cusa lalurar cikin "sanyi", kalmar da ta haɗa cututtukan mara iri-iri. Har yau ma kafofin watsa labarai kan kira kansar wannan gaɓa da "kansar mafitsara", alhali gaɓoɓi biyu ne daban. A cikin wannan duhun suna ne wani magani na ƙetare ya shigo kantunan magani na biranenmu.

2.0 Asalin Itacen

So-falmeto, wanda masana tsirrai ke kira Serenoa repens, gajeren itace ne dangin goruba da giginya. Wanda ya san kaba a dajin Borno, da ya gan shi zai ɗauka ita ce, sai dai sandar ganyensa na da haƙora kamar zarto. Yana fitowa a kudu maso gabashin Amurka, musamman Fulorida da Jojiya, inda 'yan asalin ƙasar suka daɗe suna cin 'ya'yansa. A ƙarshen ƙarni na 19 likitocin Amurka suka soma ba da shi ga masu wahalar fitsari, har Edwin Hale ya wallafa littafi sukutum a kansa a 1898. An sa shi cikin kundin magungunan ƙasar a 1906, ya kuma fita daga kundayen hukuma a 1950. Turawan Faransa da Jamus ne suka sake raya shi daga baya, aka tatse mansa aka zuba cikin kafso, ya bazu duniya.

3.0 Abin da Gwaji ya Nuna

A nan ne labarin ya juya. Ƙananan gwaje-gwajen farko sun yaba shi ƙwarai, amma da aka tsananta bincike sai yabon ya dushe. A 2006 an buga sakamakon gwajin da aka yi wa maza 225 a Amurka, inda aka raba su kashi biyu: wasu na shan miligiram 160 sau biyu a rana har shekara guda, wasu kuma na shan kafson da babu magani a cikinsa. Ba a sami wani bambanci ba. Masu kare shi suka ce awon ne ya yi kaɗan. Saboda haka wani gwajin da ya fito a 2011, mai ɗauke da maza 369, ya ninka awon har zuwa miligiram 960 a rana, tsawon makonni 72. Nan ma shiru kake ji. Gaskiya ne bai cika cutarwa ba, amma rashin cutarwa daban, warkarwa daban.

4.0 Ɗan'uwansa na Gida

Afirka ma tana da nata. Ɓawon itacen Prunus africana, wanda ke fitowa a duwatsun Kamaru da tsaunin Mambila, an daɗe ana jigilarsa zuwa Turai domin wannan lalura. Mambila kuwa tana ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas ne daga 1967 zuwa 1976, lokacin da Maiduguri ke hedikwatarta. Saɓar ɓawon ta yi tsanani a Kamaru har ta kai aka sa itacen cikin jerin waɗanda ake taƙaita cinikinsu a duniya a 1995.

Haɗarin da ke nan ga dattijon Maiduguri na lokaci ne. Alamomin kumburin furosteti na iya kama da na kansarta, jini a fitsari kuwa a yankin Tafkin Cadi kan sa a zargi tsargiya tun kafin a duba. Wanda ya kira duk wannan "sanyi", ya shafe shekara yana haɗiyar kafso, yakan isa asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri ne bayan fitsarin ya tsaya cik, wani lokaci ma ƙodarsa ta riga ta taɓu.