Tarihin Tashar Lantarki ta Sinnar

Kogin Rahad da ya bi ta garin Hawata a Sudan kogin damina ne. Yakan sauko daga duwatsun Habasha da ƙarfinsa, da rani kuwa sai ya koma tafkuna da yashi. Shi ya sa mai neman tsohuwar tashar lantarki ta ruwa a wannan yanki sai ya nufi yamma, ya bi layin dogon da ya haɗa Gadarif da Sinnar a 1929, har bakin Shuɗin Nilu.

A can ne Turawan Ingila suka fara ginin madatsar ruwa a 1914, kusa da ƙauyen Makwar. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da aikin, ba a kammala ba sai a 1925, a hannun kamfanin S. Pearson and Son. Tsawonta mita 3,025 ne, kuma da farko tana riƙe ruwa kubik mita miliyan 930. Ba don haske aka gina ta ba. Auduga ake so a noma da ruwanta a yankin Jazira, a kai wa masaƙun Ingila.

Tun kafin nan akwai mutanenmu a wurin. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya jagoranci masu hijira zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar kaɗan. Su da mahajjatan da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka sun ba da ƙarfinsu a gonakin Jazira.

Wuta ba ta zo ba sai a 1962, shekara shida bayan Sudan ta sami 'yancin kai. Aka kafa injuna biyu a jikin madatsar, kowanne megawat 7.5, jimilla 15. A yau adadin ba ya cika ido, amma daga nan ƙasar ta soma cin moriyar Shuɗin Nilu ta fuskar lantarki. Madatsar Hashmul Girba ta biyo baya a 1964, ta Rusairis kuma a 1966.

Babbar abokiyar gabar Sinnar laka ce. Kowace damina kogin yakan ɗebo ƙasar Habasha ya zube a tafkin, har ya cinye fiye da rabin wurin ajiyar ruwan. Dabarar injiniyoyi ita ce su buɗe ƙofofi lokacin da ambaliya ta fi kauri, jan ruwa ya wuce, sannan su rufe idan ya fara washewa. Ciyayi da itatuwan da ruwa ke kwasowa su ma sukan toshe bakin injuna, sai an bi an kwashe. Wani babban gyara a kogin shi ne ƙarin tsayin mita 10 da aka yi wa madatsar Rusairis, wanda aka gama a 2013. Babbar madatsar da Habasha ta gina a sama ita ma tana tare laka mai yawa.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya kai har garin Sinja na wannan yanki a 2024, amma madatsar Sinnar na nan tsaye. A 2025 ta cika shekara ɗari da kammalawa, tashar wutarta kuma ta kai shekara 63.