2.3 Natsuwa a Matsayin Sharaɗin Kiwon Doki a Arewacin Kano

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin nuna cewa natsuwar da ake bukata ga mai kula da doki a ƙasar Kano ba halin kirki ba ce kawai, yanayin ƙasar da tarihinta ne suka tilasta ta.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji (1390-1410) shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, sa'an nan Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya ƙago dawakin zage. Dokin da za a lulluɓe da lifidi, a shiga da shi cikin ƙarar tambura da ruwan kibau, dole ne ya zama wanda ba ya firgita. Wannan kuwa ba a fagen fama ake koya masa ba, a barga ne. Shi ya sa fada ta ware sarautar Shamaki don kula da bargar sarki. Arewacin Kano ta daɗe tana bukatar irin waɗannan dawaki, musamman lokacin da Sarki Ibrahim Dabo (1819-1846) yake fama da Ɗan Tunku na Kazaure, har ya riƙa zama a Fanisau, inda Bature Clapperton ya same shi a 1824.

To, amma a ganin mai wannan nazari, babban dalili yana ga ƙasar kanta. Daga Ungogo zuwa Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta gona ce ke bin gona, da damina babu filin da za a saki doki. Saboda haka rayuwarsa a turke take. Hannun mutum ne ke kawo masa ciyawa da harawa da dawa da kanwa, shi ke wanke shi, shi ke kwashe kashinsa a kai gona. Dabbar da Allah ya halitta don yawo cikin garke, ta wayi gari ba ta da aboki sai yaron barga. Idan yaron mai garaje ne, mai tsawa da saurin ɗaga bulala, doki kan koma mai tutsu da cizo da harbi. Idan kuwa yakan yi masa magana tun daga nesa, ya tsaya ya bari ya shinshine shi kafin ya sa masa ragama, to sai ya saki jiki. A gidanmu an hana mu shiga barga da gudu ko cikin fushi, tun ba mu san dalili ba.

Haka abin yake a bisa sirdi. Linzamin Hausa yana da kaifi ƙwarai, fizga ɗaya cikin ɓacin rai tana iya fasa bakin doki. Wani bincike da aka buga a 2009 daga ƙasar Suwidin ya gano cewa idan aka sa mahayi ya yi tsammanin wani abin tsoro, bugun zuciyar dokinsa ma kan ƙaru, ko da abin bai faru ba.

Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, doki ya bar yaƙi ya koma na kilisa da hawan salla, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Ƙarar bindigar 'yan bindiga da cunkoson jama'a a Hawan Daushe su ne yanzu ke gwada aikin da aka yi a barga.