Dorugu, yaron ƙasar Kance da ya riga mu zaga Turai



Duk ranar Litinin in muka buɗe waya sai mu tarar da hotunan ƴan uwanmu mazauna Turai. Wannan yana tsaye gaban hasumiyar Eiffel da rigar sanyi har wuya. Wancan ya taso daga Burusel ran Juma'a da dare cikin kar ɗin FlixBus, ya wayi gari a Amsterdam. Wata ɗaliba ce a Liyon, ta matse ƴan kuɗin bursinta ta leƙa Barselona kwana biyu ta komo karatu. Su suna ce masa wikan, mu nan gida muna danna musu alamar so, muna cewa Allah ya maido ku lafiya, wani lokacin da ɗan ƙyashi a zuci, gaskiya dai gaskiya ce.

Waɗannan hotuna ne suka sa kwanan baya muka jefa wa masu sauraronmu tambaya a rediyo: cikin waɗanda labarinsu ya iso mu a rubuce, wane ɗan ƙasar nan tamu ne ya fara taka Turai? Wasu suka ce tsofaffin sojan Faransa na yaƙin 1914. Wasu suka ce ɗaliban da aka tura bayan samun ƴancin kai a 1960. Har aka rufe layi ba wanda ya ambaci Dorugu. Ba mu ga laifin kowa ba, don mu ma da muka yi tambayar ba a lakwal muka san shi ba. A can an sa mu haddace sunayen René Caillié da Mungo Park da Heinrich Barth, har da shekarun tafiyarsu, amma mushe bai taɓa ce mana akwai wani yaro Bahaushe da ke jan raƙuman Barth ba.

An haifi Dorugu wajajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye na yankin Kance, kudu maso yamma da birnin Damagaram. Zamanin ba zaman lafiya ba ne ga talakan ƙauye. Damagaram tana ƙarƙashin inuwar Barno, tana kai gaisuwa ga Shehu a Kukawa, kuma bayi suna cikin abin da ake biyan bashi da gaisuwa da su. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna Zinder a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda ake fita hari a komo da mata da yara a ɗaure. To cikin irin wannan hali ne aka kama Dorugu yana ɗan yaro, aka raba shi da iyayensa, aka bi da shi ta Zinder, ya yi ta sauya iyayengiji har Kukawa. Wannan ɓangaren ba mu cika son jinsa ba mu Damagarawa, mun fi son labarin ganuwar Tanimun da igwoyinsa. Amma duk tarihinmu ne.

A Kukawa wani Bajamushe abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, ya fanshe shi, shi da wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Overweg bai daɗe ba ya rasu a bakin tafkin Cadi cikin Satumban 1852, sai yaran biyu suka koma hannun Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim. Ranar 25 ga Disamban 1852 ayarinsu ya shigo Zinder, suka zauna har ƙarshen Janairu. Ku ɗan tsaya a nan. Garin da aka ratsa da shi yana bawa, ga shi ya komo cikinsa yana ɗa, bai fi shekara goma sha uku ba. Gidan da Barth ya sauka yana nan a Birni, har da allon tunawa a bango, kuma duk baƙon da ya zo yawon buɗe ido sai an kai shi.

Daga nan suka yi Katsina, Wurno, Sakkwato, Gwandu, suka ƙetare Kwara a Sayi, suka shiga Tumbutu ranar 7 ga Satumban 1853. Suka komo ta Kano zuwa Kukawa, sannan a 1855 suka fuskanci Sahara ta Bilma da Murzuk, suka isa Tarabulus ƙarshen Agusta. Wanda ya san hanyar Dirku da samarinmu ke bi yau a bayan Hilux zuwa Libiya, to kusan ita ce, sai dai su a bayan raƙumi suka yi ta, wata uku da wani abu.

Daga Tarabulus sai jirgin ruwa zuwa Malta, sai Marsai, sai Pari, suka sauka Landan ranar 6 ga Satumban 1855. Lokacin ko tubalin hasumiyar Eiffel ba a aza ba, sai 1889 aka gama ta. Bayan Landan Barth ya tafi da su Hamburg, garin iyayensa. Ƴan Nijar da ke Hamburg yau, kuma Allah ya yi yawa da su, sai su san cewa wani ɗan ƙasar Kance ya riga su shan sanyin garin da fiye da shekara ɗari da sittin.

Abin da ya sa muke son labarin Dorugu shi ne idon da ya kalli Turai da shi. A littattafan da muka karanta a lakwal kullum anasara ne ke kallo, mu ake kallo: ga yadda suke cin tuwo da hannu, ga yadda suke gaisuwa, ga kasuwarsu. Shi Dorugu ya juya abin. Ya zauna ya ba da labarin liyafar cin abinci a gidan Ingilishi dalla-dalla, yadda maza da mata ke zuwa tebur tare, yadda ake kawo abinci iri-iri ɗaya bayan ɗaya, kamar dai yadda Barth ke bayyana fadar wani sarki. A Jamus abin da ya tsaya masa a rai shi ne shan tabar mutanen, har yara ƙanana da lofe a baki. Ba ya rawar jiki, ba ya raina kansa, ba kuma zagi yake ba. Abin da ya ba shi mamaki ya ce ya ba shi mamaki, abin dariya ya yi dariyarsa. Yaron da ya riga ya ga Kano da Tumbutu da Tarabulus, Landan gari ne kawai da ya ƙaru a kan garuruwa.

Kada dai mu ƙawata abin fiye da kima. Ba yawon shaƙatawa ya je ba, yaron gida ne, inda ubangidansa ya nufa nan yake nufa, kuma a titunan Turai shi ma abin kallo ne. Kewar gida ta kama su shi da Abbega, Barth ya shirya maida su a farkon 1856. Sai wani ɗan mishan Bajamushe mai aiki da Ingilishi, James Frederick Schön, ya tare su kafin jirgi ya tashi, ya shawo kansu suka bi shi gidansa a Chatham, kudu maso gabas da Landan. Barth ya fusata ƙwarai, don ya ɗauki alkawarin maida su ƙasarsu. Turawa biyu ke nan suna jayayya a kan makomar yara biyu, kowa yana cewa alherinsu yake nema.

Shi Schön abin da yake nema Hausa ce. Ya daɗe yana aiki a kan harshen tun tafiyar kogin Kwara ta 1841, amma bai taɓa zama ƙasar Hausa ba, ga shi kuma Allah ya kawo masa Bahaushe har gida. Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya har ya zama Maigarin Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna Ingila har 1864, aka yi masa baftisma da sunan James Henry, ya koyi karatu da rubutun boko. Wataƙila wannan sauya addinin na cikin abin da ya sa aka ja baki aka yi shiru da sunansa a nan gida, kowa ya san halinmu. Amma yaron da aka sayar yana ƙarami, aka kai shi ƙasar da ba shi da uwa ba shi da uba, mu dai ba mu ga bakin da za mu yanke masa hukunci da shi ba. Allah shi ne masani.

Cikin shekarun nan ya yi ta faɗa Schön yana rubutawa: labarin rayuwarsa, tatsuniyoyi, kalmomi, yadda ake juya magana. Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, har Faransawa suka ba shi kyautar Volney a 1877. A 1885 aka buga Magana Hausa, wanda a cikinsa ne labarin tafiye-tafiyen Dorugu yake, da Hausarsa. Kun ga ke nan, Hausar da Turawa da yawa suka fara koyo a littafi kafin su zo su mallake mu, wani babban kaso nata daga bakin ɗan ƙauyen ƙasar Kance ya fito. Sunan Schön ne a bangon littattafan, shi ya karɓi kyauta. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fassara labarin zuwa Ingilishi suka fito da sunan Dorugu fili. Mu da muka yi karatu da Faransanci, ga labari da harshen uwarmu, amma sai ta bayan gida muka ji shi.

Da ya komo ya yi aikin tafinta ga Turawa a ƙasashen bakin Kwara. A ƙarshen rayuwarsa ya zauna Kano, yana koyarwa a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909. Tsoho mai kusan shekara saba'in yana koya wa ƴaƴan sarakuna da malamai a, ba, ca. Nan ya rasu a 1912, lokacin Zinder tana hedikwatar mulkin sojan Faransa a ƙasar Nijar, an riga an ja iyaka tsakanin Kano da ƙauyen da aka haife shi. Cikin kayan da ya bari an tarar da tarin tabarau da ya daɗe yana ajiyewa.

Yau daga Pari zuwa Landan awa biyu ne da ƴan mintoci a jirgin Eurostar, ta ƙarƙashin teku. Sai dai fa Ingila ba ta cikin Shengen, mai fasfon Nijar ko yana da takardar zama a Faransa sai ya nemi biza daban, kuma mun san akwai ƴan uwanmu da dama a can da ba su da takardar da za su fita ko garin da suke, su ba ma ganin hotunansu ran Litinin. Amma ku da Allah ya hore wa, muna da roƙo guda. Daga Landan zuwa Chatham bai kai awa guda a jirgin ƙasa ba. Wanda ya samu wata Asabar ya je ya taka garin, ya ɗauko mana hoto ya turo nan shafin. Mu kuma nan gida mun yi magana da abokan aiki, in damina ta wuce hanya ta yi kyau za mu ɗauki na'urar ɗaukar murya mu nufi Kance, mu zauna da tsofaffi mu tambaye su Dambanas.