Gado da Zaɓi: Asalin Abotar Kiɗa, Ban Dariya da Majigi Tsakanin 'Yan Kwaleji

A garin Dutsin-Ma, inda 'Yanɗakan Katsina ke zaune, akwai manyan makarantu biyu, watau Kwalejin Horon Malamai ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya wadda aka kafa cikin 2011. Kowace shekara samari da 'yan mata su kan sauka garin daga Kurfi da Safana da Kankiya, da wuraren da ba su taɓa jin labarin ruwan Zobe ba, a haɗa kowa ɗaki guda da baƙon ido. Kafin su san sunayen iyayen juna sun riga sun san mawaƙin da kowa ya ke so, da ɗan wasan da ke ba shi dariya, bisa wannan kuwa a kan ƙulla abotar farko. Abin ya zama jiki har ba mai tambayar asalinsa. Amma ba tsohon al'amari ba ne a ƙasar Hausa. Shekarunsa ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, mafarinsa kuwa yana nan kusa, cikin birnin Katsina.

A zamanin da ba a tambayar Bahaushe irin kiɗan da ya ke so, sai dai a tambayi sana'ar gidansu, gama amsar tana ciki. Taushi da kotso na sarakuna ne, haka tambari da kakaki da algaita. Kalangu na mahauta ne, shi ya sa ya bi 'yan dambe, tun da ya ke dambe wasan rundawa ne tun asali. Maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma ranar gayya, mafarauta suna da nasu. Ɗan malami kuwa abin da aka yarje masa shi ne bege da waƙoƙin wa'azi. In an gan shi a dandalin goge, to, ya jawo wa gidansu magana. Yaron da ya tashi a ƙofar Maraɗin Katsina a Kurfi yana jin kirarin kakanninsa daga bakin maroƙan gidan tun yana goye, ɗan mahaucin da ke bayan kasuwa shi ma yana jin nasa. Dukansu biyu suna jin kiɗan juna ta kan katanga, amma ba wanda zai ce na wancan nasa ne. Mutum ya kan gāji kiɗa kamar yadda ya kan gāji gona.

Ban dariya ma yana da masu shi, yana da lokacinsa. 'Yan kama su ne ke kwaikwayon malamai, su ɗauki muryar karatu su cika ta da zancen tuwo da miya. 'Yan gambara na kasuwa ne. Yara suna da tashe cikin watan azumi, matan fada kuma suna da wasan gauta, inda a kan kwaikwayi sarki da hakimansa a gaban idonsu, su yi dariya ba su da ikon yin fushi. Akwai kuma wasan da ke tsakanin taubasai, da tsakanin garuruwa da kabilu: Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi amfani ga abin da zai zo.

Cikin 1921, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka kafa kwalejin horon malamai a Katsina, Gwamna Clifford ya buɗe ta a watan Maris na 1922. Nufin Turawa shi ne su sami malaman da za su koyar a makarantun larduna, masu jin Ingilishi sosai, waɗanda kuma ba za su raina sarakunansu ba. Saboda haka aka tsamo yara daga kowane lardi na Arewa, aka zaunar da su wuri guda shekara biyar. Tafiyar kanta ba wasa ba ce: Ahmadu Raba, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da ƙafa ya zo daga Sakkwato cikin 1926, tafiyar kimanin mako guda. Ko wane yaro a kan ba shi lamba ranar da ya shiga, ta bi shi har kabari. Ta Ahmadu 87, ta Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zo daga Bauci cikin 1928, 145. Tsakaninsu Abubakar Imam ya shigo cikin 1927, sun kuwa tarad da Kashim Ibrahim na Barno, wanda ya shiga cikin 1925. Aliyu, wanda ya zama Makaman Bida, yana cikin na farko-farko.

To, a lura da abin da wannan zama ya haifar wanda ba ya cikin takardar Gwamna. Yaro ya baro maroƙan gidansu can nesa, ba mai yi masa kirari, lambarsa kuwa ba ta faɗin ko ɗan wane ne. Ɗan sarauta da ɗan bawan sarki tabarmarsu iri ɗaya. A aji Ingilishi a ke yi, a fili a buga ƙwallon hannu a jikin bango irin na makarantar Eton ta Ingila, wanda Sardauna bai bar bugawa ba har ƙarshen ransa. Amma in dare ya yi a gidajen kwana sai Hausa, har ga waɗanda ba da ita aka haife su ba. Me zai buɗe baki tsakanin Bafillacen Sakkwato da Babarbaren Yarwa, waɗanda ba su da dangi ɗaya, ba su da makaɗi ɗaya? Al'ada ta riga ta tanadar musu. Bafillace yana da izinin ya zolayi Babarbare tun ranar da suka fara haɗuwa, Banufe kuma da ya taka ƙasar Katsina ya shigo gidan abokan wasa. Wasan da dā sai a kasuwa ko a zango a ke yinsa, a rabu bayan kwana biyu, ga shi an kulle shi cikin gida ɗaya shekara biyar. Daga zolaya sai tatsuniya, sai kowa ya rera abin da a ke rerawa a garinsu, ɗan wani lardi ya ji ya ɗauka don ya yi masa daɗi, ba don ya gada ba. Nan ne zaɓi ya fara shiga.

Shaidar wannan tana cikin abin da suka rubuta da fitarsu. Cikin 1933 Dokta East na ofishin fassara a Zariya ya sa gasar ƙaga labari, littattafai biyar suka fito daga ciki. Uku na mutanen kwalejin ne: Ruwan Bagaja na Imam, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wan Imam, wanda ya koyar a can. Imam bai fi shekara guda da barin makaranta ba sa'ad da ya rubuta nasa, ƙashin bayan littafin kuwa shi ne mutum biyu, Alhaji da Malam Zurƙe, suna ta yi wa juna wayo daga gari zuwa gari, kowa ya ka da ɗan'uwansa, ba mai kashe wani. Wanda ya san wasan taubasai ba ya bukatar a gaya masa inda aka samo wannan. Shaihu Umar kuwa ba dariya a cikinsa ko kaɗan, labarin bauta ne da rabuwar uwa da ɗa. Kwaleji ɗaya, zamani ɗaya, hali daban. Dā a ce gado kaɗai ke aiki, da ba a ga wannan bambanci a fili haka ba.

Cikin 1938 aka ta da kwalejin zuwa Kaduna, daga baya cikin 1949 zuwa Zariya, inda ta zama Barewa. A Kaduna ne ban dariyar 'yan makaranta ya yi ƙaho. Aminu Kano, wanda ya yi karatu a kwalejin daga 1937 zuwa 1942, ya riƙa tsara wasannin kwaikwayo da Hausa shi da abokansa, a ciki har da wanda ya kira Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, da waɗansu da suka taɓa ma'aikatan En'e da hakimai masu zaluntar talakawa. Wasan kwaikwayo a makaranta ba shi ya fara ba, gama tun kafin nan East ya buga littafin wasanni shida don 'yan makaranta. Abin da ya sake shi ne wanda a ke yi wa dariya. A wasan gauta sarki ne ke ba da izini a kwaikwaye shi, sau ɗaya, cikin gidansa. A nan kuwa samari ne suka ba kansu izinin, masu kallo kuma da yawansu 'ya'yan waɗanda a ke kwaikwayo ne. Wanda ya ƙyalƙyale da wanda ya sunkuyar da kai, kowa ya gane abokinsa a daren. Ba a yi shekara goma sha biyar ba wannan layi ya fito fili: aka kafa NEPU a Kano cikin Agusta 1950, Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama ta siyasa cikin 1951. Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa, waɗanda suka koyar tare a Midil ta Bauci, suka zauna majalisar muhawara ɗaya da Sa'adu Zungur, suka wayi gari kowa da tutarsa. Waƙa ma ta rabu. Gambo Hawaja da Mudi Sipikin suka bi NEPU, makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo suka wasa Sardauna. A shekarun nan waƙar da saurayi ya rera a ɗakin kwana tana iya samar masa aboki, tana iya raba shi da shi.

Ana cikin haka na'urori suka zo suka ƙarasa aikin. Garmaho ya raba waƙa da mai ita: ba sai an kira makaɗi an ba shi riga ba, malamin makaranta mai albashi ya sayi faifai ya ji taushin sarkin da ba nasa ba, sau goma in ya so. Rediyo ya fi haka. Lokacin yaƙin Hitila, daga 1941 zuwa 1944, tsofaffin ɗaliban Katsina biyu, Isa Kaita da Bello Dandago, suka zauna a Ankara ta ƙasar Gwalkwas suna watsa labarai da Hausa. Na farkon shi ne ya zama Ministan Ilmi na Jihar Arewa, shi ne kuma kwalejin Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa. Cikin 1944 aka kafa akwatunan rediyo masu waya a Kano, BBC ta buɗe sashen Hausa cikin 1957, gidan rediyon Kaduna ya fara aiki cikin 1962.

Hoto mai motsi kuwa ƙofa biyu ya shigo ta, mutuncinsu ba ɗaya ba. Majigi na gwamnati ne, mota ke kawo shi, a kafa farin ƙyalle a ƙofar hakimi, yaro da babba su zauna kyauta. A nuna tsabta da allurar rigakafi da noman zamani, irin Baban Larai da aka yi don manoman auduga, a sa ɗan guntun Cali Caplin don a riƙe mutane. Sinima kuwa ta 'yan kasuwar Kwara ce, da kuɗi a ke shiga. Rex ta buɗe a Kano cikin 1937, da ya ke kuma a Sabon Gari ta ke, ga duhu, ga maza da mata, sai malamai suka ƙyamace ta. Da El Duniya ta kama da wuta cikin Mayu 1951, mutum 331 suka hallaka, da yawa suka ce hukunci ne. Saboda haka ɗan kwalejin da ya je sinima ba ya zuwa sai da wanda ya amince ba zai kai ƙararsa gida ba. Abotar da aka ƙulla a kan asiri irin wannan ta fi ta aji ƙarfi, malaman makarantun kwana kuwa sun daɗe da sanin haka, ko da ya ke ba su cika faɗa ba. Daga ƙarshen shekarun 1950 finafinan Indiya suka mamaye, samari suka haddace waƙoƙin da ba su jin ko kalma ɗaya a ciki. Ba abin da ya kai wannan nisa da gado. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Samanja da Karkuzu a talabijin, zuwa Turmin Danya cikin 1990, zuwa Ibro, har zuwa wayar da ke aljihun ɗalibin Dutsin-Ma.

Mawaƙin da ya fi kowa dacewa da sababbin masu sauraren nan daga wannan yanki ya fito. An haifi Mamman Shata a Musawa, kudu da Dutsin-Ma, cikin 1923, shekara guda bayan buɗe kwalejin. Bai gāji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ba. Da tallan goro da alewa ya fara. Ya ɗauki kalangu, kiɗan mahauta da 'yan mata, ya yi wa sarki waƙa da shi, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa, ya yi wa Sardauna. Da ya ke shi kansa zaɓa ya yi, ba wani gida da zai ce nasa ne, sai ya zama ɗan hakimi da ɗan mahauci suna iya zama gaban akwati ɗaya kowa ya ce Shata nasa ne ba tare da ya ari kayan wani ba.

Tsohon ginin ƙasa na kwalejin Katsina yana nan tsaye, an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Cikin 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, mai ɗauke da sunan ɗalibi mai lamba 87, ta ba Shata digirin Dokta na girmamawa, shi da bai taɓa zama a ajin boko ba. Ya rasu cikin Yuni 1999, aka rufe shi a Daura.