Cikin Ƙofar Mota: Tarihin Aikin Fenti a Bakin Komadugu

Wanda ke son sanin irin wahalar da mota ta sha a hanyar Diffa zuwa Bosso, kada ya tsaya duban bodinta. Waje ana yi masa kwalliya ranar da za a kai kasuwa. Ya buɗe ƙofar direba ya dubi ciki: inda gwiwar hannu ke dafawa, da mariƙin ɗaga gilashi, da ƙasan ƙofa inda takalmi ke gogawa. A nan ake gane hannun da ya yi aikin, kuma a nan nake karanta tarihin sana'ar da kawuna ya ci abinci da ita har tsufansa.

Da farko sana'ar a hannun kafinta take. Manyan motocin da ke kwasar tattasai da bandar kifi daga garuruwan bakin Komadugu da Tafkin Chadi, su Baroua da Bosso, zuwa Maiduguri, kai da inji kaɗai ne na kamfani. Bodin na katako ne, haɗin Najeriya. Bedford ta yi zamaninta, Mercedes 911 ta biyo baya. In kafinta ya gama, sai mai buroshi ya zo da fentin mai ya zana zaki ko dawisu ko bishiyar dabino, ya rubuta addu'a a goshin mota, habaici a bayanta. Cikin ƙofa kuwa ƙarfe ne tsirara, launinsa ɗaya da na waje. In ya goge, a kankare tsatsa, a shafa jan fentin ƙasa, a bi da kore ko shuɗi, shi ke nan.

Ko a can inda ake ƙera motocin, da buroshi aka fara, kuma mota kan yi makonni tana jiran fenti ya bushe. Kamfanin Ford a Amurka ya tsaya kan baƙin launi kaɗai a motarsa Model T daga 1914 zuwa 1925. Abin da ya sauya al'amari shi ne Duco, fentin fesawa na kamfanin DuPont, wanda ya fito a kan motar Oakland ta 1924, mai bushewa cikin sa'o'i. Sai dai fesawa na son iska mai ƙarfi, iska na son kwamfireso, shi kuma yana son wuta. Shi ya sa buroshi ya daɗe yana mulki a wajenmu bayan an manta da shi a Turai.

Abubuwa biyu suka zo kusan tare suka buɗe sabon babi. Na farko kwalta: a farkon shekarun 1970, zamanin Diori Hamani, aka shimfiɗa hanyar da ta taso daga Gouré ta ratsa Diffa har N'Guigmi da tallafin Kanada. Na biyu Fijo: a 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci, nan da nan 504 ta cika tashoshi, ga kuma akori-kura. Mu da Naira ke yawo a kasuwanninmu kamar kuɗin gida, duk abin da ya shigo Maiduguri ya shigo Diffa. A Maiduguri kawuna ya koyi riƙe bindigar fesawa, daga can kuma yake sayo fenti da tina.

Ƙofar Fijo ba kamar ta Bedford ba ce. An rufe cikinta da wani kwali mai tauri, aka lulluɓe shi da leda mai kama da fata. A Faransa wannan kwali kan daɗe. A nan, tsakanin zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, da ruwan damina da ke bi ta gefen gilashi, da man kifi da ke tsatsowa daga kwalaye, sai ka ga ya kumbura ya lanƙwashe, ledar ta tsage. Fenti ba ya maganin wannan. Nan tela ya shigo cikin sana'ar. Na sha zama ina kallo: a ɓalle tsohon kwalin a hankali, a kwantar da shi kan katakon silin, a bi gefensa da fensir, a yanke, a huda gurbin mariƙi. A shimfiɗa soso siriri, a shafa gam, a jira har ya daina kama yatsa, sannan a ja sabuwar leda a naɗe bakinta ta baya. Wasu direbobi sukan ce a yi musu layi-layi da keken ɗinki, ja da baƙi, kamar sirdin dokin sarki. Mai fenti nasa shi ne saman ƙofa da ginshiƙai, inda ƙarfe ya rage a fili. A ganina wannan ne zamanin da aikin ya fi kyau, domin komai ana iya kwance shi a sake, kuma tela da mai fenti duk suna samun na cefane a ƙofa ɗaya.

Daga shekarun 1990, motocin kwatano suka mamaye hanya, Toyota ta ture Fijo. Cikin ƙofa ya koma roba da aka zuba a ma'auni guda, mafi yawanta irin da ake kira polypropylene, wadda Giulio Natta na Italiya ya samar a 1954. Tana da arha, ba ta jin ruwa, amma ba ta son fenti ko kaɗan. Rana na cinye launinta ta koma fari-fari, mai mota ya kawo a fesa, bayan mako biyu fentin ya fara ɓarewa a farce. Masu fenti da yawa sun zubar da mutuncinsu a kan wannan roba kafin su gane halinta.

Kawu ya gane cewa rabin matsalar maiƙo ne. Yaran wankin mota na shafa man ƙyalli a kan roba, ga gumin hannu na shekaru. Yakan cire robar ƙofar gaba ɗaya, ya sa ni in wanke ta da omo da buroshi, sannan ya ɗebi ruwa a buta ya zuba. In ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, sai ya miƙo mini ita. "Ɗana, koma. Har yanzu da mai a jikinta." Sai ruwa ya kwanta shimfiɗe yake yarda. Daga nan a goga samfefa mai laushi, a fesa ruwan da ke sa fenti kama roba, a bi da fenti sama-sama, a dakata, a ƙara. Ba ya fesawa da tsakar rana, domin fentin kan bushe a iska kafin ya sauka, ya bar jiki kaushi-kaushi. Lokacin hunturu kuwa da asuba yake aiki, bayan ya yayyafa wa ƙasa ruwa saboda ƙura. Direba mai gaggawa in ya ce, "Baba, lodi na jirana," amsarsa ɗaya ce: ya ɗauki motarsa ya dawo ranar da ba lodi.

Sai 2015 ta zo. A ranar 6 ga Fabrairu Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka dakatar da cinikin tattasai da kifi. Mutanen Baroua suka bar garinsu a wannan shekarar. Direban da ba ya samun lodi ba ya tunanin launin ƙofa. A ɗaure da waya a ci gaba. Hanyar Maiduguri ta Damasak ta zama abin tsoro, kayan aiki suka yi tsada. Duk da haka, hana babur ya sa kowace tsohuwar mota ta zama taksi, gareji bai mutu ba. An sassauta dokar tattasai a 2017, kuma a watan Yunin 2021, zamanin Mohamed Bazoum, dubban mutanen Baroua suka koma gida a cikin manyan motoci.

Abin da ke damuna yau shi ne gwangwanin fesawa ya sa kowa ya zama mai fenti, ba wanki, ba jira. Kuma har yanzu yaran gareji na shaƙar tina a rufaffen shago ba abin rufe hanci, sai su sha madara bayan aiki wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, tururin kuwa huhu yake shiga. Iyayen gida masu gareji a Diffa da Maine Soroa da N'Guigmi, don Allah ku saya wa yaranku takunkumin fesawa na gaskiya, mai matata, kuma ku koya musu wanke roba kafin ku ba su bindiga.